Ku daina cewa yarinyar nan ta warke

Na karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton yarinyar nan da ta sha sodar sabulu, wallahi raina ya ɓaci. Wai tunda bakinta ya warke har tana shan ruwa, don me likitoci ke ta cewa a dawo da ita asibiti? Har wani yana ba uban shawara ya daina kai ta. Bawan Allah, ran 'yar mutane ne fa kake wasa da shi.

Ba ta warke ba. Ƙunar baki ita ce ƙaramar ɓarnar soda, babbar tana can cikin hanyar abinci, inda take narkar da nama ta ci zurfi. Ciwon da tabo yake warkewa, shi kuwa tabo takurewa yake yi, galibi daga mako na 3 zuwa na 8 hanyar ta soma tsukewa. Sai yaro ya koma neman abu mai ruwa-ruwa, loma ta maƙale ya dawo da ita, a ƙarshe yawun bakinsa ma ya gagari haɗiya. Na taɓa ganin ɗan shekara 3 da tsumma ɗaure a wuya saboda dalala, yana bin hannun yayyensa da ido suna ci. Haƙarƙarinsa kana iya ƙirgawa.

Abin da ake kiran ta a yi mata shi ne buɗa hanyar. A sa yaro barci, a zura sanda mai laushi ko ɗan balan-balan, a buɗa wurin kaɗan. Kaɗan, domin in aka matsa hanyar na iya fashewa, wannan kuwa mutuwa kusa ce. Shi ya sa ake maimaitawa, sau da yawa duk bayan mako 2 ko 3, wata da watanni, wani har shekaru. Aka yi fashi, tabon ya sake ƙanƙancewa, aikin baya ya tashi a banza.

Kada a ce min wahala ta yi yawa. Na sani, kuma ina tausayin uwar nan har zuciyata. Amma wahalar da ke gaba ta fi: a huda ciki a sa robar abinci, ko babbar tiyata da za a yanko hanji ko a jawo tumbi sama a maye gurbin hanyar. Ba ta warke ba, ku bar iyayenta su ci gaba da kai ta.

Ku kuma masu cewa a sa wa yaro yatsa ya yi amai, sodar za ta sake ƙona inda ta bi. Kada a ɗura masa komai, a ruga asibiti, ko da ba a ga ƙuna a baki ba.

Af, ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasan yara. In ya maƙale a hanyar abinci, cikin awa 2 yana iya yin irin wannan ƙunar. Jiya na bi duk kayan wasan gidanmu na manne murfinsu da salatif.