Bakano da Bazazzagi a Kasuwar Kwangjang

Alhaji Bakano na Kantin Kwari ya je Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sarin yadi. Kasuwar Kwangjang, wadda aka buɗe tun 1905, samanta yadi ne da siliki, ƙasanta kuwa layin masu abinci. Tafintansa wani Bazazzagi ne da ke karatu a can. Lokacin sanyi ne, sun sauko daga bene da yunwa.

BAKANO: Kai ɗan Zazzau, tsaya. Ƙamshin ƙosai nake ji. Ashe har nan Kanawa suka kawo sana'a?

BAZAZZAGI: Alhaji, sunansa bindetok. Da wani ƙanƙanen koren wake ake yinsa. A ɓare shi, a jiƙa ya kwana, a niƙa a wancan dutsen da ke juyawa. Ka ga ƙullun da kauri yake fitowa, don in ruwa ya yi yawa wargajewa zai yi a kasko. Sai a zuba tsiron wake, da albasa mai lawashi, da kabejinsu mai tsami, kimci. A yi shi faɗin faranti, a soya a mai da yawa, juyi ɗaya tak.

BAKANO: Ƙosai ne ya je boko. A ba ni biyu.

BAZAZZAGI: Dakata. Ka ga waɗancan dunƙulallun da ke soyuwa a gefensa, kasko ɗaya, mai ɗaya? Bari in tambaya. Imo, tweji-gogi issoyo?

BAKANO: Me ka ce mata?

BAZAZZAGI: Imo shi ne inna, haka ake kiran masu abincin nan. Tweji-gogi kuma naman alade. Matan ya ce akwai.

BAKANO: Matan ya ce! Shekara huɗu kana Koriya, har yau ba ka raba mace da namiji ba. A'uzu billahi, ja ni mu bar nan. Wancan baƙin zagayayyen da ke tururi fa, mai kamar igiyar guga?

BAZAZZAGI: Sunde ke nan. Hanjin alade ne aka ɗura wa jini da taliyar dankali.

BAKANO: Ban tambaya ba. Ka ɗauka ban tambaya ba.

BAZAZZAGI: Can lungun kuma ɗanyen naman sa ake ci da ƙwanduwar ƙwai.

BAKANO: Suyar da ba ta ga wuta ba, kuma ban san wanda ya yanka ba. Wuce.

Suka samu benci a wajen wata inna mai ƙaton kasko cike da jar miya tana ɓararraka.

BAZAZZAGI: Nan za mu zauna. Na duba, ba ta sayar da sunde, don wasu sukan tsoma shi cikin miyar nan da ludayi ɗaya. Wannan tokbokki ne.

BAKANO: Alli ne aka dafa a manja?

BAZAZZAGI: Garin shinkafa ne aka turara, aka kirɓa, aka mulmula dogo, aka yanka. In ya sha iska ya taurare sai a jiƙa shi a ruwan sanyi kamar minti 20. Romon kuwa na ƙananan busassun kifi ne da ganyen teku, amma sai an cire kai da kayan cikin kifin, in ba haka ba ɗaci zai yi. Rabin kilo yakan ci cokali 3 na kocujang, wato kwaɓaɓɓen barkononsu, da cokali ɗaya na garin barkono, da ɗaya na sukari. Minti 10 ana juyawa, don da an bar shi zai kama gindin kasko.

BAKANO: Sukari a miya? Kuma kana nan kana kallo ba ka yi musu wa'azi ba?

BAZAZZAGI: Ɗanɗana tukuna. Ga tsinke, soka za ka yi.

BAKANO: Mu da muka tashi da yajin tsire, wannan ai miyar jarirai ce. Zaƙi ma nake ji. Zaƙi ne kawai... Kai! La'ilaha illallahu! Ruwa!

BAZAZZAGI: Haka yake, zaƙin ke yin sallama, yajin na biye da shi a baya. Karɓi wannan kofin, romon omuk ne, wancan wainar kifin da aka lanƙwasa a tsinke. Romon kyauta ne.

BAKANO: Kyauta?

BAZAZZAGI: Ko kofi nawa, muddin ka sayi wani abu.

BAKANO: To ƙaro uku. Akwai gora a jakata.

BAZAZZAGI: Alhaji, ka rufa wa Najeriya asiri. Ga kimbab ka kashe wutar. Shinkafa ce a naɗe cikin busasshen ganyen teku, da karas a ciki, an shafe ta da man riɗi. Waɗannan ƙanana, tsawon yatsa, su ake kira mayak, a tsoma su a wannan ruwan mai hawa hanci. Manyan su ne akan sa wa naman alade na gwangwani, sai an duba. Mayak kuwa ma'anarsa ƙwaya, don wai in ka fara ba ka dainawa.

BAKANO: Ƙwaya? Ka kawo ni ƙasar mutane ka ba ni ƙwaya, ga fasfo ɗina a aljihu?

BAZAZZAGI: Suna ne kawai. Ai ka ci takwas kana maganar.

Wani dattijo da ke gefensu ya ɗaga butar gorar ruwa mai ruwan ɗorawa, ya tsiyaya wani farin abu a kwano, ya miƙo wa Alhaji da hannu biyu.

BAKANO: Allah sarki, ɗan albarka! Ka ga mutanen kirki, kunun zaƙi ya ba ni.

BAZAZZAGI: Ajiye! Makkolli ne, giyar shinkafa. Wajen kashi 6 cikin 100 nata maye ne. Ka ɗan sunkuya ka ce, sul mot mashoyo, wato ba na iya shan giya.

BAKANO: Sulu mota masoyi.

BAZAZZAGI: Ya gane, tunda ga shi yana dariya. In kunu kake so, ga shikke, wancan mai ƙwayoyin shinkafa suna yawo a ciki. Dafaffiyar shinkafa ake zuba wa ruwan tsiron sha'ir, a ajiye wuri mai ɗumi awa 5 ko 6. Da ƙwayoyin sun fara tasowa sama sai a tafasa da sukari. Tafasawar ce ke tsayar da shi, ba ya zama giya.

BAKANO: Wace irin ƙasa ce wannan? Ƙosai haram, kunu haram, ƙwaya kuma halal! Nawa ne kuɗinmu? Koya min yadda ake cewa a rage.

BAZAZZAGI: Kakka juseyo. Amma wannan a sama ake yinsa, wajen masu yadi. Kuɗin abinci a rubuce yake a allo. Ka miƙa da hannu biyu.

BAKANO: Kasuwar da ba a cewa albarka, ai asibiti ce.

Daga nan suka bi layin mai hottok, mutum wajen ashirin a gabansu.

BAKANO: Fanke ne wannan, kada ka ce min komai.

BAZAZZAGI: Ɗan'uwansa ne. Fulawa ce da garin shinkafa mai danƙo da yis, a bar ƙullun kamar awa ɗaya ya ninka. Dubi hannunta. Ta shafa mai, ta gutsuro, ta buɗe tsakiya, ta zuba cokali guda na jan sukari da kirfa da dakakkiyar gyaɗa, ta tsuke bakin. Wajen tsukewar take fara ɗorawa a kasko don ya liƙe. Sai ta juya, ta danne da wancan ƙarfen mai kamar hatimi. In bakin bai tsuku ba, sukarin zai tsiyaye ya ƙone, ya ɓata man gaba ɗaya. Ga naka a kofin takarda. Ka jira minti 3, sannan ka ɗan gatsa gefe, tururin ya fita, domin...

BAKANO: Wayyo leɓena! Wayyo babbar rigata!

BAZAZZAGI: ...domin sukarin ya narke, kuma in ya taɓa fata mannewa yake yi. Amfanin kofin ke nan, ya tare abin da ke zuba. Kai kuma ka zare shi daga kofin.

BAKANO: Ku Zazzagawa sai an yi jana'iza kuke ƙarasa bayani. Shaddar nan gezna ce!

A bakin fita suka tarar da teburin kayan zaƙi na gargajiya, irin waɗanda ake kai wa surukai.

BAKANO: Yauwa, nan kam gida na zo. Wannan kantu ne, na riɗi. Wannan kuma mai kamar fure, alkaki ne, ko kotu za mu je.

BAZAZZAGI: Kantun sunansa kangjong. Alkakin kuma yakgwa, kuma wallahi kamar ta yi yawa. Yak magani ne a harshensu, don a da zuma da man riɗi magani suke ɗaukarsu. Ana murza man riɗin cikin fulawa a tankaɗe, a zuba zuma da ruwan citta. Ba a murza ƙullun, ninkawa ake yi, in an murza tauri zai yi. A fara soyawa a mai marar zafi sosai har ya taso ya buɗe, sannan a ƙara wuta ya yi ja. In aka fara da wuta mai ƙarfi, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Daga nan a jiƙa shi a ruwan zaƙi ya kwana.

BAKANO: Yadda Hajiya ke wa alkakin biki. Auno kilo.

BAZAZZAGI: Saura abu ɗaya. Masu yinsa da yawa kan zuba ɗan soju, wata giyar, a ƙullun don ya yi garas. Bari in karanta bayan leda. Wannan babu, ɗauki shi.

BAKANO: Yau na ga amfanin karatun Bazazzagi. Wancan mai kaɗa ƙaton almakashi fa, tela ne?

BAZAZZAGI: Mai yot ne, da ƙarar almakashin yake kiran ciniki. Farkonsa ɗaya da shikke, sai dai a tace, a yi ta dafawa har ya yi kauri, a yi ta ja ana ninkawa har ya yi fari.

BAKANO: Alewa dai.

BAZAZZAGI: Ta fi alewa danƙo. Shi ake ba ɗalibai kafin babbar jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba, don a Koriyanci kalmar mannewa ita ce ta cin jarrabawa. Miyar ganyen teku kuma ba sa sha ranar, wai santsinta zai kayar da su.

BAKANO: Ashe kuɓewa ce ta hana ni gama firamare. Bari in saya in ba dattijon nan mai kunu. Yaya ake cewa, ci alewa?

BAZAZZAGI: Kul! Ka ce wa Bakoriye ya ci yot, ashar ka ƙunduma masa. Kuma kai ma tsotsa za ka yi, kada ka tauna, musamman da wannan haƙorin Makkan na...

BAKANO: Mmm. Mmmm!

BAZAZZAGI: Ikon Allah! Jama'a ku zo ku gani, Bakano a tsakiyar kasuwa ya yi shiru. Kada ka fizga, bar shi ya yi laushi a baki. Na ce kada ka fiz...

Alhaji ya fizga. Alewar ta fito, haƙorin Makka na zaune a kanta yana ƙyalli. Mai almakashi ya daina kaɗawa, ya leƙo.

BAZAZZAGI: Sannu, Alhaji. Mu nemi likitan haƙori?

BAKANO: Likitan me? Ka ga yadda yake kallonsa? Tambaye shi nawa zai saya, da alewar a jiki. Kuma duk abin da ya taya, ka ce masa albarka.