Buhun da ba a rubuta wa suna ba

A ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, inda wutar lantarki take leƙowa kamar baƙon da ya bar babur a kunne, na ci karo da labarin cewa kwamitin C++, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ya sassauta dokar juya manuni, wato adireshin da ke nuna inda bayani yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a taronsa na Varna, ƙasar Bulgeriya, a watan Yunin 2023. Kanun labarin kawai na karanta saboda data ta kusa ƙarewa, amma nan take na yanke hukunci cewa daga C++26, sabon bugun harshen, kowa zai juya manuni yadda ya ga dama a cikin constexpr, wato lissafin da ake kammalawa tun lokacin harhaɗa shiri.

Na ranci kuɗin data a wurin Kawu bisa alkawarin cewa abin da zan yi zai girgiza duniya, sannan na hau tudun bayan gari, inda sabis yake tsayawa, na yini a rana ina sauke GCC 14, manhajar harhaɗa shiri. Da daddare na rubuta reinterpret_cast, umarnin juya manuni da ƙarfin tsiya, domin in karanta float (lamba mai ɗigo) a matsayin int (cikakkiyar lamba), sai allon ya cika da jan rubutu. Na zargi kwamfutar, na zargi mai caji, har na fara zargin mutanen Varna da yaudara.

Sai da safe na karanta bayanin duka. Ashe abin da aka halatta shi ne static_cast, wani umarnin juyawar, daga void*, manunin da ba a faɗi nau'in abin da yake nunawa ba, zuwa ainihin nau'in abin da yake wurin, reinterpret_cast kuwa yana nan a haramce a cikin constexpr. Da Kawu ya tambayi inda aka kwana, na ce masa void* tamkar buhu ne marar rubutu, wanda yanzu aka yarda a kira shi buhun gero idan geron ne a ciki, ni kuma na nace sai an kira dawa gero.

"Yanzu kai, ɗan nan, sai da Turawa suka yi taro kafin ka san wannan?" in ji shi. "Ko a kasuwar Maigatari ka gwada haka sai an bi ka da sanda."

Ban iya gaya masa cewa std::bit_cast, wanda ya warware matsalar a layi ɗaya, yana nan tun C++20, kuma tsohon GCC 11 da ke kwamfutata yana da shi ba. Ya miƙo mini fartanya, ya ce gonarsa ta gyaɗa ce za ta fara girgiza.