Ba Strength kaɗai ke gina gwarzo a Elden Ring ba

Sabbin 'yan wasan bidiyo na Elden Ring da yawa suna ɗauka cewa in ana son gwarzo mai ƙarfi, sai a zuba duk makin da ake samu in an hau mataki a Strength, wato ƙarfin jiki. Haka za ka ga mutum riƙe da ƙaton takobi, amma Margit, ɗaya daga cikin manyan abokan gaba na farkon wasa, yana kai masa duka biyu ya faɗi warwas.

A farkon wasa, ƙarin maki a Strength ko Dexterity (ƙwarewar hannu) ɗan abin da yake ƙara wa sara bai taka kara ya karya ba. Abin da ke sa makami ya yi cizo shi ne kai shi wurin maƙeri Hewg da duwatsun ƙira. Makami na yau da kullum yana kaiwa matakin ƙira na +25, na musamman kuma +10, kuma sai ya hau sosai makin Strength ke nuna amfaninsa.

Makin farko Vigor ya fi cancanta da su, don shi ke ƙara maka jini, wato yawan dukan da za ka iya jurewa. In Vigor ya kai 40 jininka 1450 ne, a 60 ya kai 1900. Daga nan kuwa asara ce, don har 99 bai wuce 2100 ba.

Wanda ya riga ya ɓata rabon makinsa, in ya kayar da Rennala, wata babbar abokiyar gaba a wasan, sai ya kai mata wani abu da ake kira Larval Tear ta sake masa lale, ya raba makin daga farko.