Hoton sama ba ya nuna mai kaya

Ƙanena harkar gwangwan yake yi. Kwanakin baya ya zauna kusa da ni, ya buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, a wayarsa, ya ja yatsa har unguwar Sharaɗa ta Kano, ya yi ta matso da hoton sai ga bayan wata katanga: gawar tirela, tankuna biyu da tsatsa ta cinye, da tulin rodi a gefe. Ya ce, "Yaya, da sai in wuni ina tura kura a rana ban ga rabin wannan ba."

Wallahi na yi masa murna. Duk wanda ya san wahalar 'yan jari bola ba zai ƙi a rage musu yawo ba. Kuma ƙarfen yana nan jibge, a masana'antun da suka durƙushe a Bompai da Sharaɗa da Kakuri ta Kaduna, ga kasuwar Ƙofar Ruwa tana jiran kaya.

Amma na tambaye shi, tirelar nan ta wa ce? Ya yi shiru.

Nan ne damuwata. Daga sama komai kamar yasasshe yake. Hoton ba zai gaya maka motar ta marayu ce da ba a raba gado ba, ko filin yana gaban alƙali. Sau da yawa ma hoton ya kwana biyu, wani ya shekara, ka je ka tarar an kwashe. Mai tsallaka katanga don waya ta nuna masa ƙarfe, sunansa ɓarawo, kuma shi ke ja wa masu neman halak baƙin jini. Mun ga yadda satar murafen kwalbati a titunan Abuja ta sa aka rufe kasuwannin panteka na wani lokaci a farkon 2025. A Borno kuwa, Gwamna Zulum ya haramta sana'ar a 2023, bayan an yi ta kashe matasa a daji wajen neman ƙarfe. Taswira ba ta nuna wanda ke laɓe a wurin.

Na ce masa ya je ta ƙofa, ya yi sallama. Ya je, ya sami maigadi, sai da ya yi sawu uku kafin a haɗa shi da mai wurin. Tirelar dai an ce ba ta sayarwa ba ce. Rodin aka ɗora a sikeli, ya biya a gaban shaidu, aka rubuta masa takarda.