Maganin Mambila mai tsada

Mura ce ta kayar da ni a watan Agusta, lokacin da ruwan Zariya ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ina kwance a gidanmu na Tudun Wada sai ga Inna da kofi yana tururi.

"Tashi ka sha. Maganin Mambila ne, Auta ya zo da shi. Mai tsadar na dafa maka."

Na ɗaga kai na shanye. Ɗanɗanon kamar na lashi bangon rijiya. Inna ta ce ta tarar da busassun ganyayyaki ne a jakarsa, ƙunshi-ƙunshi a takarda, har da farashi: wasu 500, wasu 1,500. Na 1,500 sun fi yawa, sun fi kumbura, ga su kala-kala, sai ta juye su kaf a tukunya.

Bayan la'asar Auta, mai karatun tsirrai a Samaru, ya shigo ya ga takardun a bakin murhu. Ya ɗora hannu a ka.

"Inna, ba kuɗi ba ne! Tsayin wurin da na ɗebo su ne, a mita!"

Ashe gansakuka ce, da danginta masu lafewa a jikin itace, ya ɓamɓaro don aikinsa na kammala digiri. Ni cikina na ƙugi, shi kuma ya kama yi mana lacca da muryar kuka. Wai a kurmin ƙasa, wajen Gashaka, zafi ba ya sauka ko da dare, sai tsiron ya ƙone ɗan abincin da ya haɗa da rana a inuwa, shi ya sa ba su da yawa. A kurmin Ngel Nyaki kuwa, can saman Mambila, ga sanyi, gajimare na kwana a kan bishiyoyi, tsirran nan kuma ba su da saiwa ta gaskiya, da jiki suke shan laima. Nan suke lulluɓe rassa, iri daban-daban, masu lafewar nan ma sun fi son wurin.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, ai ka ga ban yi zaɓen banza ba."

Auta ya juyo gare ni, idanu jajur: "Yaya, tunda aikin nawa yana cikinka, kai za ka biya min kuɗin motar Gembu, in koma Mambila."

Murar kuma tana nan daram.