Hoton da Marigayi Bai Yarda a Ɗauka Ba

Ranar Talata bayan sallar la'asar muka kai wani ƙaninmu makwancinsa, yaron da duk mai shiga gidajen wasan bidiyo daga unguwar Zariya zuwa Ali Dan Sofo a nan Maradi ya san hannunsa a ƙwallon PlayStation. Bai cika shekara 24 ba, kuma tun yana goye yake fama da amosanin jini, ciwon da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira sikila. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara a gare shi. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne abin da na gani da idona a zaman makoki. Muna kan tabarma a ƙofar gida, mahaifinsa yana karɓar gaisuwa, sai na hangi samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Da na leƙa sai na ga hoton marigayin ne a gadon asibiti, babu riga a jikinsa, robar iska a hancinsa, idanunsa sun yi launin ɗorawa, an ɗora wa hoton kiɗan baƙin ciki an saka a WhatsApp. Daga baya na ji cewa tun kafin a yi masa wanka hoton ya zaga gari, kuma ta nan ne ƙanwar mahaifiyarsa da ke Tasawa ta ji mutuwar ɗanta.

Ƙannena, da yawanku kun yi shekaru kuna zama da shi ba ku san nauyin da yake ɗauke da shi ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kusan kwana 120 kafin su mutu, amma na mai amosanin jini ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, kuma sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya tashi a cikin ƙashi kamar ana sara. Sanyin hunturu na tayar da shi, haka ƙishirwa, haka zazzaɓin cizon sauro. Na taɓa tsayawa a bayansa a wata gasar unguwanni cikin tsananin hunturu. Ya sa rigar sanyi biyu, gorar ruwa tana gefen ƙafarsa, kuma kafin a fara sai da ya gasa yatsunsa a kan gawayin mai shayi. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya ajiye manet, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, a cinyarsa, ya rufe ido, ya cije leɓe, sannan ya ɗaga kai ya yi wa abokin karawarsa murmushi. A wasan ƙarshe aka cinye shi, kuma abin da ya faɗa kawai shi ne, "Yau ka fi ni." Bai ce ba shi da lafiya ba, alhali ya fi kowa hujjar faɗin haka. Idan ya ɓace mako biyu yana kwance, da ya dawo sai ya ce tafiya ya yi. Yakan ba mu labarin Mosaad Aldossary, ɗan Saudiyyar da ya ci kofin duniya na wasan bidiyo na FIFA a Landan a 2018 ya karɓi dala dubu 250, yana cewa shi ma wata rana za a ji sunan Maradi a irin wannan fage.

To mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana suturta rauninsa, shi ne kuka yaye wa zane a ranar da ba shi da bakin hanawa. Wanda ya ɗauki hoton nan dubiya ya je, an yarda da shi an bar shi ya shiga har bakin gado, maimakon ya ɗaga hannu ya yi addu'a sai ya ɗaga waya. Wannan cin amana ne, ko da me aka kira shi. Na san abin da za ku ce, wai don a taya shi da addu'a kuka saka. Ashe babu hotonsa na ranar Sallah da babbar riga? Babu wanda yake riƙe da kofi yana dariya? Kun zaɓi na gadon asibiti ne saboda shi ke tsayar da ido, shi ke jawo tambaya da sharhi, ku kuma ku zama masu labari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa duniya da lahira. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta muni, domin ko wanda ya fara sakawa ya goge, yana nan a wayoyin da ba wanda ya san adadinsu.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, masu gaggawar yaɗa hoton su ne ba a ga ƙeyarsu ba lokacin da ake neman jinin da za a ƙara masa. An yi cigiya a zauren WhatsApp na fadarku mai cike da majiya ƙarfi, mutum uku kacal suka je. Zumunci a ƙafa yake, kuma duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙi biyar na Musulmi a kan ɗan'uwansa, tare da raka gawarsa. Wasunku ma a bayan idonsa suna kiransa da sunayen da ke nuna ba zai daɗe ba, kamar ba su taɓa jin aya ta 11 a Suratul Hujurat ba, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Kuma kada ku haɗa kanku da shi don kuna riƙe manet iri ɗaya. Shi yakan tashi idan an kira salla, bai taɓa sa kuɗin caca a kan wasa ba, kuma shi da ke da ciwo na gaske bai mai da ƙwaya abin wasa ba, alhali wasu lafiyayyu suna haɗiyar tramol don su kwana a gaban allo. Yau ga su suna rubuta "ɗan'uwana" a ƙarƙashin hoton tsiraicinsa. Ihu bayan hari ke nan.

Da ba haka Maradi take ba. Idan an yi rasuwa, dattijo ake zaɓa ya hau keke ya je ya faɗa, kuma ba ya faɗa kai tsaye, sai ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, ya bari zuciya ta shirya. Mai wankan gawa yakan mutu da abin da ya gani, ko matarsa ba ta ji. Idan ciwo ya kayar da mutum a kasuwa, mata ke kwance mayafi su yi masa labule. Iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu kuwa ko hatsarin mota aka yi a hanyar Dan Isa, kafin a sami mai ɗaga wanda ya ji rauni an sami goma masu ɗaukar bidiyo. Ban san lokacin da kunya ta fita daga idanunmu ba, kuma mu manya muna da namu laifin, tun da mun gani mun kau da kai.

Ku ji tsoron Allah ku goge hoton nan, ku gaya wa waɗanda kuka tura wa su ma su goge, ku je ku nemi gafarar iyayensa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin babu wanda ya san irin kwanciyar da ke jiransa, ko wanda zai tsaya masa a kai da waya. Kuma ciwon nan bai bar gidan ba. Idan miji da mata duka suna ɗauke da irinsa a jini, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da shi, shi ya sa gwajin jini kafin aure ba abin rainawa ba ne, ko da yake har yanzu akwai masu gudunsa. A gidan marigayin akwai ƙanwarsa 'yar shekara 12 da take da ciwon, kuma ta ga hoton a wayar wata maƙwabciya. Jiya da na koma gaisuwa, mahaifiyarsu ta gaya mini cikin kuka cewa yarinyar ta tambaye ta ko ita ma haka za a ɗauke ta ranar da nata ya tashi.