Ɓerayen Oak Ridge ba wasan banza ba ne

Jama'a akwai maganar da nake yawan ji tana ci min rai, wai Turawa sun rasa abin yi shi ya sa suke zuba kuɗi a kan ɓeraye. Wallahi duk wanda ya san aikin da William Russell da matarsa Liane suka yi a Oak Ridge, jihar Tennessee a Amurka, ba zai ƙara faɗin haka ba.

Tambayar da suka sa a gaba mai nauyi ce: in guba ta shiga jikin uba, lahanin a kansa yake tsayawa ko yana bin maniyyi ya sauka kan ɗa da jika? To ai ba za ka gwada wannan a jikin ɗan Adam ba, dole sai ɓera.

Dabarar Russell ita ta fi burge ni. Sai a yi wa namijin ɓera allurar sinadarin da ake son gwadawa, a haɗa shi da macen da ke ɗauke da wasu alamomi 7 na gado waɗanda ba sa fitowa sai an same su ta ɓangaren uwa da uba duka, irin su launin gashi, launin ido da gajeren kunne, in ƙwayar halittar uban ta lalace a ɗaya daga wuraren nan sai ka ga alamar ƙiri ƙiri a jikin ɗan. Haka suka zauna suna duba 'ya'yan ɓera ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kan dubbai, shekara da shekaru. Kai, wannan haƙuri!

A 1979 William Russell da abokan aikinsa suka nuna cewa wani sinadari mai suna ENU ya fi duk abin da aka taɓa gwadawa ƙarfin canza ƙwayoyin gado a ɓera. Abin da ke tayar min da hankali shi ne namijin yakan daina haihuwa na wasu makonni sannan ya dawo garas, ka gan shi lafiya lau yana cin abincinsa, alhali tushen da ke ƙera maniyyin ya riga ya taɓu, kuma daga tushen nan zai ci gaba da zubo 'ya'ya.

Ni ma ina jin tausayin dabbobin, ba zan ɓoye ba. Amma da ENU ɗin nan aka samar da wani irin ɓera da ake kira Min a jami'ar Wisconsin, wanda har yau ake nazarin ciwon dajin hanji da shi, kuma da ENU ɗin ne wani masani mai suna Joseph Takahashi ya gano ɓeran da agogon baccinsa ya rikice a 1994, daga nan aka kamo ƙwayar halittar da ake kira Clock mai daidaita mana bacci da farkawa, mu da ɓeran baki ɗaya.